Bakin Miki

Ƙarfe shida a Porto, yayyafi na tsiyaya a taga,
tsuntsayen teku sun fara rigima a kan rufi,
ni ko na duƙa gaban madubin ƙara girma
da allurar da ta fi gashin ido siranta.

Ga su nan a faranti suna taƙama,
kowace ba ta fi waƙafi a shafin littafi ba.
Jikinsu garau, kamar ruwan da ya kwana a randa,
ana ganin hanji, ana ganin ƙwai a jere.
Tsutsa ba ta da asiri, ba ta san kunya ba.

Na zaɓi ɗaya. Na ce mata, yi haƙuri.
Kullum sai na faɗa, kullum sai Tomé ya yi dariya.
Na soke ta.

Kafin in ɗauke numfashi
koren haske ya tashi daga bakin ramin.
Kalsiyam ne ya kwararo, mai shelar gobara,
ya bazu hagu da dama yana buga ƙofa.
Fatarta ba ɗaki-ɗaki ba ce irin tamu,
zaure ɗaya ne dogo, ba bango a tsakani,
in an ɓula gefe, duk gida sai ya ji iska.

Sai ga zaruruwa suna taruwa.
Ba wanda ya kira su da suna,
ba shugaba, ba shawara.
Suka yi zobe a gefen mikin,
suka ja, suka ƙara ja,
kamar mai tsuke zariya,
har baki ya haɗu da baki.
Shayina bai daɗe da hucewa ba
ta koma kiwo abinta,
ko ƙorafi babu.

Da yamma nakan shiga jirgin Matosinhos.
Babana Amílcar na zaune, ƙafa bisa kujera.
Shekara arba'in yana ɗinkin koma a bakin teku,
ba ramin da ya taɓa gagarar yatsunsa,
sai wannan na diddigensa.
Wata tara ke nan. Ciwon suga.
Ina wankewa da ruwan gishiri, ina naɗa bandeji,
gefe da gefen mikin sun yi fari, sun tsaya cik,
suna kallon juna
kamar 'yan'uwan da rabon gado ya raba.

Ya ce, "Idalina, tsutsotsinki sun warke?"
Na ce, "Ashirin da bakwai cikin talatin."
Ya ce, "Ukun fa?"

Na gyara zaman bandeji.
Yaya zan ce masa ni na zare musu abu ɗaya
daga cikin abin da suka gada,
don in ga ko shela za ta isa ba mai shela?
Ba ta isa ba. Ramin ya zauna a buɗe,
suka tsiyaye a hankali, ina kallo, ina rubutawa.

Ya daɗe yana duban silin.
Sannan ya ce, "Koma ba a kama ta daga tsakiyar rami.
Sai ka laluba gefe, ka nemi igiyar da ba ta ruɓe ba,
ka ɗaura daga nan.
Mai gaggawa ɗinki biyu yake yi."

Na ɗauko ma'aunin takarda, na ɗora a diddige.
Jiya milimita ashirin da uku.
Yau ashirin da biyu.
Mai yiwuwa hannuna ne ya yi rawa,
mai yiwuwa fitilar ɗakin ce ba ta da ƙarfi.
Duk da haka na rubuta,
a littafi ɗaya da na tsutsotsi,
ƙarƙashin ukun da ba su tashi ba.

Ya yi barci, rediyo na karanta labarin iska.
Na rufe masa ƙafa da bargo.
Gobe akwai sabon faranti,
talatin, duk lafiyarsu ƙalau,
kuma sai na sake ba su haƙuri.